Ƙanzon da Inna Ta Wanke

Akwai mutanen da in suka ga datti sai su kawar da kai su wuce, akwai kuma Inna Buroshi. Ita ko gidan mutane ta je gaisuwa, da zarar idonta ya faɗa kan kofi mai tabo, hira ta ƙare ke nan, sai mutsu-mutsu take a kujera har a gaji a miƙa mata soso. 'Yarta ta sha ce mata, "Mama, don Allah ki zauna, nan fa ba gidanmu ba ne." Sai ta ce, "Ai a zaune nake," alhali kuwa tana tsaye da tsumma a hannu.

A wurin aiki ta samo sunan Buroshi. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wanki na gidan adana kayan tarihi, wani dogon ɗaki can bayan ginin inda baƙi ba sa leƙawa. Tebur ɗaya ne na siminti da famfo a tsakiyarsa, sai robobi biyu, da tirorin waya jere a jikin bango, da gwangwanin madara cike da tsofaffin burusan goge baki. Masu tonon tarihi kan tafi su haƙa rami, su kwaso fasassun tukwanen mutanen da suka rasu tun ba a haifi kakan kakan kowa ba, su zuba a leda su kawo mata. Ita kuma ta bi tsingaron nan ɗaya bayan ɗaya ta wanke, ta shanya a tire, kowane rukuni da katin da ke faɗin ramin da ya fito.

Mijinta ne direban gidan a da. Da ya rasu ya bar ta da yarinya 'yar shekara bakwai, sai tsohon Farfesa mai shugabantar wurin ya zo ta'aziyya. Ya tarar da mai takaba a durƙushe tana dirzar butar baƙi, dangi na ta janta ta koma ɗaki tana fizgewa. Ya daɗe yana kallonta. Bayan ta fita takaba ya aiko a tambaye ta ko tana son aiki.

Shi ya koya mata da kansa, kuma dokokinsa ba su da yawa. Ruwa zalla, ban da sabulu. Buroshi ya bi zanen tukunya, kada ya gitta shi. Kayan da aka ajiye a hagun famfo na wanki ne, wanda ya koma dama ya gama. "Ki wanke min har in ga fuskar tukunya," in ji shi, "ni ba ƙasa na zo karantawa ba." Inna ta riƙe wannan magana gam. Ba ta taɓa haɗa katin wani rami da na wani ba, ba ta taɓa ƙwarzane zane ba, kuma ba ta jin kunyar faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Da yatsa kawai take gane inda maginiya ta danna babban yatsanta a bakin tulu. Wani lokaci ma faɗa take yi da matan da, in ta ci karo da gindin tukunya mai baƙi. "Ke kuwa wace irin ƙazama ce?" sai a jiyo ta ita kaɗai a ɗaki. "Kin ci kin ƙoshi kin bar min wanke-wanke."

Farfesa ya yi ritaya, daga baya ya rasu. Aka yi shugabanni biyu da ba su san ma inda ɗakin wanki yake ba, sannan aka kawo Dakta, wata siririyar mace sa'ar 'yar Inna, mai saurin magana da saurin tafiya, wadda ba ta taɓa komai sai da safar hannu. Inna tana ganin girmanta, amma a ranta tana ganin yarinyar ta cika ɗoki. A lokacin saura wata takwas Inna ta yi ritaya, kuma buri ɗaya ya rage mata: ta fita daga ƙofar nan ba wanda zai ce ga abin da ta ɓata.

A shekarar ne motar haƙa ta tono wani abu a filin da za a gina sabon asibiti. Aka dakatar da gini na sati shida, Dakta da mutanenta suka tare a can. Suka sami daɓen ɗaki, da duwatsun murhu uku a zaune yadda mai su ta bar su, da toka, da wata 'yar tukunya a gefe wadda ko tsagewa ba ta yi ba. Har a rediyo aka faɗa, aka ce wurin ya haura shekara dubu da ɗari biyar. Maƙwabtan Inna da ba su taɓa sanin takamaiman aikinta ba suka fara tare ta a hanya suna tambayar ko an sami zinariya.

Ranar Alhamis ta je ganin likita saboda gwiwarta. Kafin ta dawo direba ya kawo kwalaye bakwai daga filin, ya jibge su duka a hagun famfo, ya yi gaba. Da azahar ta shigo, ta ɗaura atamfar aiki, ta buɗe kwalin farko. 'Yar tukunyar ce a ciki, an naɗe ta da takarda mai ƙyalli. Inna ta ɗauka don kada ta fashe ne. Ta warware, ta leƙa ciki, ta yi tsaki. Ƙanzo ne baƙi ƙirin, mai kauri, ya kama gindin tukunyar har ya hau gefe.

"Lallai ke kin fi su duka," ta ce da matar da ta yi girkin.

Awa guda ta yi a kanta. Ta jiƙa, ta bi da buroshi mai laushi, ta sa farce a inda ya ƙi, ta sauya ruwa sau huɗu. Da ta gama, tukunyar ta fito ja, sumul, har layukan da aka zana a wuyanta ana ƙirgawa. Ta ɗaga ta wajen taga tana murmushi, tana cewa da Farfesa na da rai da ya yaba. Ta kife ta a tire, ta juyo ta ɗauki kwalin don ta ninke, sai ta ga gefen da ke fuskantar bango. An rubuta da jar alƙalami, manyan baƙaƙe: KAR A WANKE. NA ƊAKIN GWAJI NE.

Ta karanta sau uku. Ta ajiye kwalin, ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa. Ta je bakin ƙofa ta dawo. Daga nan ta goge hannu ta nufi sito, inda mai sito yake zaune yana shan shayi da ƙafa ɗaya a kan akwati. Shi mutum ne mai son a tambaye shi abu, don haka ba ta sha wahala ba.

"Malam, wai ni kam me ake nufi da kayan ɗakin gwaji? Na ga an fara rubutawa a kwali."

"Au, Inna, ba ki da labari? Ai zamani ya wuce mu. Yanzu akwai na'urar da za a kankaro ƙanzon tukunya a ba ta, ta faɗa miki abin da aka dafa. Nama ne, madara ce, hatsi ne, duk sai ta tona asiri."

"Ƙanzo?"

"Ƙanzo dai da kika sani. Dakta ta ce wanda ke cikin 'yar tukunyar nan ya fi tukunyar kanta daraja. Ran Litinin mai gwajin zai zo takanas daga babban birni." Ya kurɓi shayi, ya yi dariya. "Ke dai Allah ya rufa asiri ba ta faɗa hannunki ba, da tuni kin aika abincin mutane kwata."

Inna ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ta bar famfo a buɗe. Da ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, ta cire murfin magudana, ta zura hannu har gwiwa. Ba abin da ta ciro sai gashin buroshi da yashi. Ta zauna a kujera, abin da ba ta saba ba, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta miƙe. Tsoro ne ya kama ta, da kunya, da wani abu da ya fi su ciwo. Ta tuna gindin tukwane nawa ta dirje a shekara ashirin da shida tana yi wa masu su faɗa, ashe abin da ake nema take korawa da ruwa.

Da a ce Dakta na kusa, wataƙila da a take ta je ta faɗa, a yi ta ta ƙare. To Dakta na can fili sai Litinin da safe, kuma kwana huɗu sun isa mutum ya yi wa kansa mugun tunani. Ranar Juma'a Inna ta iso da dabararta a shirye. Ta zagaya bayan gini ta ɗebo ƙasa a gindin fulawa, ta tankaɗe, ta daka gawayi ta haɗa, ta kwaɓa da ruwa ta shafa a cikin tukunyar. Da ya bushe sai ya yi fari-fari ya fara zuba. Ta kankare, ta tsaya tana tunani. Wa ya kai ta sanin kamannin ƙanzo? Ƙanzo yana da maiƙo, shi ya sa yake kamawa. Ta shiga kicin ɗin ma'aikata, ta tsiyayo man girki a murfin kwalba, ta sake kwaɓawa. Wannan karon ya zauna daram, baƙi, da 'yan tsage-tsage a sama. Ta ɗora tukunyar a bakin taga rana ta gasa ta har la'asar, sannan ta naɗe ta da takardarta, ta mayar kwali, ta kai sito da kanta.

Gaskiya aikin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya hana ta sakat. Ranar Asabar ta sauke labulayen gida duka ta wanke, har da waɗanda ta wanke satin da ya wuce. Ta fitar da kwanukan da ba a ci da su ba tun bikin 'yarta. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa. Ta ɗora ruwan zafi ta manta abin da za ta yi da shi. Lahadi da hantsi 'yarta ta zo, wadda ke aikin ɗibar jini a wani asibiti, ta tarar da ita tsaye a kan kujera tana goge fanka, duk da gwiwar da likita ya ce a hutar da ita.

"Mama, sauko. Wa ya ɓata miki rai?"

"Wa zai ɓata min rai? Ƙura ce."

"Ni za ki faɗa wa? Ranar da aka kore ni daga makaranta sai da kika wanke ƙofar maƙwabta. Sauko ki faɗa min."

Inna ta sauko, amma ba ta zauna ba. Ta ce wai wata mata ce a wurin aikinsu, ba ta san ta ba, ta yi kuskure ta zubar da abin da za a gwada, sai ta nemi mai kama da shi ta mayar. Ta ce ai ba kowa matar ta cuta ba, tunda masu abin sun mutu tun tuni.

'Yar ta dube ta, ta dubi tsumman da take murɗawa. "Wannan matar, gwiwarta na ciwo?"

"Ke, ban son rashin kunya."

"Yi haƙuri. Amma Mama, a wurinmu in kwalbar jini ta zube, gara ka ce ta zube a sake ɗiba. In ka cika ta da na wani, na'ura abin da aka ba ta za ta faɗa, likita kuma ya rubuta wa mutum ciwon da ba nasa ba. Su ma naku ba rubutawa za su yi ba?"

Rubutawa za su yi mana, a littafi ma, ɗalibai su karanta su ci jarrabawa da shi. Inna ta san haka sarai. Sai ta tuno matar murhun nan, wadda ta kira ƙazama, wadda wataƙila wani abu ne ya tashe ta tsaye ta bar girki a wuta ba ta dawo ba. Abu ɗaya tak ya rage na matar nan a duniya, abin da ta dafa a ranar. Inna ta zubar da shi, yanzu kuma za ta sa a yi mata shaidar zur da man kwalba. Ta ɗauki tsintsiya, 'yarta ta ƙwace.

Litinin ta riga mai shara zuwa. Tsakanin ƙofar gida da ɗakin wanki ta yanke shawarar faɗin gaskiya sau biyar, ta warware sau biyar. Wata takwas ne fa kawai. Mai gwajin zai tafi da abinsa can babban birni, sakamako ba zai fito ba sai bayan watanni, wa zai tuna da tsohuwa mai buroshi? Tana cikin wannan saƙa da warwara ta ji muryar Dakta a baranda, da ta wani namiji, da ta mai sito yana cewa a yi a hankali da kwalin.

A kan teburinta suka ajiye shi, don nan ne ya fi haske. Dakta ta rame, rana ta ƙona ta, amma fuskarta fal murna. Mai gwajin dattijo ne mai tabarau, ya buɗe 'yar jakarsa ya jera ƙananan kwalabe da wata siririyar wuƙa.

"Inna, zo ki gani," in ji Dakta tana sa safar hannu. "Shekara tara ina tono, ban taɓa samun irin wannan ba. Ni da kaina na ɗago ta. Ba mu san me mutanen nan suke ci ba, ko suna kiwo, ko farauta suke. Wannan 'yar tukunyar ce za ta faɗa mana."

Ta warware takardar. Mai gwajin ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya ce ma sha Allah, ya ɗauki wuƙarsa. Inna ta ga bakin wuƙar ya taɓa kwaɓin da ta yi da hannunta.

"Tsaya, Malam."

Duk suka juyo. Muryarta ce ta fita ba tare da ta shirya ba, kuma tunda ta fita babu mayarwa.

"Dakta, na wanke ta. Ran Alhamis. A hagu na same ta, ban ga rubutun ba sai da na gama."

Mai sito ya ce innalillahi a hankali, ya ja da baya ya jingina da ƙofa. Dakta ta rufe ido, ta buɗe. "Da me kika wanke?"

"Ruwa zalla. Ban taɓa sa sabulu ba."

Sai mai gwajin ya ajiye wuƙa ya ɗaga hannu. "To ai da sauƙi, Dakta. An yi asarar ƙanzon, amma maiƙon girki yana ratsa jikin yumɓu, ruwa ba ya fitar da shi. Sai mu ɗan huda ciki mu ɗebi garin tukunyar. Mun sha samu a haka."

Dakta ta saki numfashi, har ta dafa kafaɗar Inna. Inna kuwa ta riga su ganin inda maganar za ta. Mai gwajin ne ya sake leƙa tukunyar, ya yamutsa fuska.

"To in an wanke, wannan baƙin na ciki fa?"

"Ni na shafa. Ƙasar fulawa ce da gawayi." Ta sunkuyar da kai. "Da ɗan man girki, don ya kama."

"Mai?" Ya cire tabarau. "Tun yaushe?"

"Juma'a. Na sa ta a rana ta bushe."

Ya shinshina bakin tukunyar, ya shafa yatsa a ciki ya duba, sannan ya fara mayar da kwalabensa jaka ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wa Dakta bayani a hankali, cewa yumɓu mai zafi shan mai yake, sabon ya bi tsohon ya gauraye, duk abin da na'ura ta faɗa yanzu ba mai iya rantsuwa a kansa. Dakta ta zare safar hannunta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta je taga ta tsaya ta ba su baya, Inna na ganin yadda take goge ido da bayan hannu.

"Da kin bar ta a wanke, Inna," ta ce ba ta juyo ba. "Da kin bar ta kawai."

"Na ji tsoro ne, 'yar nan. Ban taɓa ɓata kayan kowa ba."

Da maza suka fita, Dakta ta dawo tebur ta ciro katin tukunyar. Ta daɗe tana rubutu a bayansa, sannan ta karanta a fili: ranar da aka wanke, ranar da aka shafa ƙasa da gawayi da man girki, da cewa kada wani ya dogara da gwajin abin da ke ciki. Ta ce ba za ta kai maganar ofis ba, Inna za ta ƙarasa watanninta a teburinta. Amma duk wanda ya ɗauki tukunyar nan gaba dole ya san abin da ya same ta, da hannun da ya yi. Ta turo katin da biro.

Katuna dubu nawa suka bi ta hannun Inna a ɗakin nan, da sunan Farfesa, da na ɗalibai, da na baƙin da suka yi sati biyu suka tafi. Ko ɗaya babu nata. Ta riƙe biron tana kallon layin da aka bar mata.

"Har yaushe katin zai zauna, Dakta?"

"Muddin tukunyar na nan."

Inna ta goge hannunta a jikin atamfa, ta sunkuya, ta rubuta cikakken sunanta a hankali, yadda kowa zai iya karantawa.